Yaran dangi sun kai 34, yaya zan yi da kayan Kirsimeti bana?

Maman_Rahila:
Sannunku jama'a, ina gaisuwa. Shawara nake nema, don Allah kada a yi mini dariya.

Ni ce babba a ɗakinmu, mu tara. Tun da Baba ya rasu, ni da na fara samun aiki, ni ke yi wa yaran gidanmu kayan Kirsimeti. Da na soma a 2005 yara shida ne kacal. Albashin wata ɗaya ya ishe ni in yi musu kaya da takalma, in saya wa Mama turmin atamfa, har in ware kuɗin mota daga Kaduna zuwa ƙauyenmu a wajen Zonkwa. Jiya da dare na ɗauki biro na ƙirga: 'ya'yan ƙannena, da na ƙannen maigidana, da jikoki biyu da suka fara zuwa, 34. Ban sa nawa huɗu ba. Ban sa matan ƙannena ba, waɗanda kowacce ke sa ran ko da ɗankwali ne.

Bashin da na ci bara ban gama biya ba sai bayan Ista. Maigidana bai ce uffan ba, amma na ga fuskarsa. Bana na yi alkawari ba zan ci bashi ba. Sai dai in na tuna yadda yaran nan ke fitowa a guje da zarar mota ta tsaya, suna "oyoyo Anti", idonsu a kan jakata, sai gabana ya faɗi. Ku da danginku suka yi yawa, yaya kuke yi?

Ɗan_Kagoro:
Abu mai sauƙi, Mama. Ki yanka shekaru. Daga 12 zuwa ƙasa a yi musu, wanda ya wuce nan ubansa ya ji da shi. Haka muka yi, lissafi ya sauko daga ashirin da ɗoriya zuwa tara.

Anti_Saratu:
Ɗan_Kagoro, da gani ba ka taɓa riƙon 'yan mata ba. Ɗan shekara biyar ko balan-balan ka hura masa ya gode, ya manta. 'Yar shekara goma sha huɗu ce za ta shiga sujada ran 25 ga wata da rigar bara, ƙawayenta na kallo, ƙanwarta kuma na gefe da sabuwa. Ita ce za ta riƙe abin a zuciya. In ma yankewar za a yi, ni ta ƙasa zan yanke, jarirai ba su san ana yi ba.

Ɗan_Kagoro:
To, ai uwar jaririn ta sani.

Iliya_Tela:
Bari mai sana'a ya sa baki. Shekara ashirin da biyu ina kan keke a Kafanchan, kuma kuskuren da nake gani kowace shekara ɗaya ne: sai Disamba ta kama ake shiga kasuwa. Lokacin yadi ya hau, tela ya hau, ɗan acaɓa ma ya hau. Kuma kowane yaro a saya masa nasa kala daban, yadi biyu nan, yadi uku can, duk a farashin ɗai-ɗai.

Mama, ki yi musu anko. Ki sami wanda ke zuwa Kantin Kwari a Kano tun watan Agusta ko Satumba, ya ɗauko miki a sari. Turmin atamfa yadi shida ne, in yara ƙanana ne yana fitar da riguna uku, wani lokaci har da ragowar ɗankwali. Maza kuma a sayo bandir ɗaya na yadi a yanka musu. Anko yana kashe gardamar "nata ya fi nawa kyau", kuma in sun jeru a hoto sai ki ga kamar kin kashe dukiya. Kuɗin ɗinki kuma ki bar wa iyayensu. Ke yadi, su tela. Bana kin ɗan makara, amma har yanzu da sauran dama in ba ki wuce tsakiyar Nuwamba ba.

Jummai_Barnawa:
Malam Iliya, ku teloli ku fara gyara halinku tukuna. Bara waccan na kai ɗinki tun Oktoba, ran 24 ga Disamba ƙarfe goma na dare ina zaune a shagon tela da yara uku, yana ce mini wuta ce ba a kawo ba. Keken ƙafa kuma na gefensa yana kallonmu.

Iliya_Tela:
Anti Jummai, a yi haƙuri a madadin 'yan'uwana. Amma ki tambaye shi mutum nawa suka zo masa da kuka a satin ƙarshe suna "kai dai taimaka". Ni daga 1 ga Disamba ko ɗan uwata ne ba na karɓa.

Bulus_Manchesta:
Yaya Maman_Rahila, ga dabarar da na gani a nan Ingila, a wajen aiki da cikin iyalai masu yawa. Ana rubuta sunan kowa a 'yar takarda, a nannaɗe, a zuba a hula, kowa ya ɗauki ɗaya. Wanda ka ɗauka shi kaɗai za ka saya wa kyauta, kuma ana yanka iyakar kuɗin da ba za a wuce ba. Kowa ya ba da ɗaya, kowa ya karɓi ɗaya. Ko ku ɗari ne, nauyin kowa bai wuce na mutum guda ba. Yanzu ma a waya ake jefa ƙuri'ar, ba sai an haɗu ba.

Malam_Yohanna:
Bulus, dabarar tana da kyau a inda aka ƙirƙiro ta, amma ka duba abin da take tsaye a kai. Tana ɗauka cewa duk waɗanda sunansu ke cikin hular aljihunsu kusan ɗaya ne, kuma kyautar ta nishaɗi ce, turare ko safa ko kofin shayi, abin da in ba a ba ka ba ba za ka rasa komai ba.

Mu a nan kayan Kirsimeti ba nishaɗi ba ne. Ga yara da yawa a ƙauye, wannan ce sabuwar riga ɗaya tak da za su gani a shekara, ita za su sa a sujada, da biki, da jana'iza, har wata Kirsimetin. Kuma abin daga mai shi yake gangarowa zuwa marar shi. Ka sa sunan kowa a hula, sai ƙanen da ya gama bautar ƙasa shekara uku ba aiki ya ɗauko sunan yayansa mai mota biyu. Me zai saya masa? Shi kuma maraya sunansa ya faɗa hannun wanda ba shi da ko sisi. Ka ga an raba nauyi daidai a takarda, a zahiri an sauke wa mai ƙarfi an ɗora wa marar ƙarfi.

Talatu_Bokkos:
Malam Yohanna, na yarda da rabin maganarka. Amma wannan "daga mai shi zuwa marar shi" ban karɓa ba. Ni a ƙauye nake. Ku 'yan birni in kun zo da ledojinku, da me kuke komawa? But ɗin mota cike da dankalin turawa, da acca, da masara, wani har da kaza a ɗaure. Buhun dankalin da nake ɗora wa yayana duk Janairu, a kai shi kasuwa a gani ko bai sayi takalman da ya kawo wa yarana ba. Sai dai namu ba a naɗe shi a leda mai ƙyalli, shi ya sa ba a kiransa kyauta.

Malam_Yohanna:
Gaskiyarki, Talatu. Na karɓi gyara.

Ɗan_Jaba:
Talatu ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A wajenmu kuɗin citta ne ke yin Kirsimeti. Manomi ya haƙe, ya yanka, ya shanya, ya sayar, ya yi wa iyalinsa kaya da kansa, ba ya jiran kowa. Da cutar nan ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023, shekarar da kuma aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, mutanen da ba su taɓa roƙona ba sai ga su suna kira a Disamba. To a irin wannan shekara ba za ka ce da ɗan'uwanka "ƙuri'a ba ta faɗa kanka ba". Duk tsarin da za a yi, a bar masa ƙofa saboda shekarar da ba ta yi kyau ba.

Bulus_Manchesta:
Na ji, kuma ban musa ba. To a juya ta mana. Sunayen yara kaɗai za a zuba a hular, masu ɗauka kuma su zama masu albashi ko sana'a a cikin dangi. Yaya ta ce su tara ne. Ko biyar ne ke samu a cikinsu, 34 a raba biyar bai kai bakwai-bakwai ba. Tambayata ita ce, sauran takwas ɗin ina suke tun 2005?

Kawu_Dogara:
Yauwa! Sai yanzu aka zo wurin. Ni ba zan ɓoye miki ba, 'yata, ke kika saba musu, kuma sabo turken wawa ne. Ƙannen da kika yi wa kaya suna yara yanzu sun yi gemu, sun haifi nasu, sun miƙo miki su ma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki tara su ki faɗa musu a fili. Wanda zai yi fushi ya yi, kafin Ista ya huce, kuma gara ya huce da ki kai Ista kina biyan bashi.

Anti_Saratu:
Kawu, a hankali dai. Babbar 'ya a gida ba ita ke zaɓar wannan kaya ba, ɗora mata ake yi ran da aka dawo daga maƙabarta.

Istifanus_Mubi:
Mu tsarinmu ya bar batun tufafi gaba ɗaya. Gidaje goma sha ɗaya ne 'ya'yan kakanmu. Daga Janairu kowane gida na zuba abin da aka yanka duk wata, a hannun wata gwaggonmu da ko mijinta ba ya iya karɓar rance a wurinta. Farkon Disamba mu shiga kasuwar shanu a nan Mubi mu kama sa, ragowar kuɗin a sayi shinkafa da man gyaɗa. Ran 24 a yanka, a yi watanda, kowane gida ya ɗauki kashinsa. Kaya kuwa kowa ya yi wa 'ya'yansa daidai ƙarfinsa, daidai ruwa daidai tsaki.

Ba zan ce ba a rigima ba. Shekara biyu muna jan magana ɗaya: a kasa nama gida-gida ne ko kai-kai? Mai 'ya'ya biyu ya ce kuɗinmu ɗaya, kashinmu ɗaya. Mai 'ya'ya tara ya ce to nasa yaran su lashi tukunya ke nan? A ƙarshe aka bar kashi daidai, amma kai da ƙafa da kayan ciki ana dafa su a babban gida, duk yaro ya zo ya ci ya ƙoshi. Har yanzu mai taran yana gunaguni, amma yana zubi.

Hajiya_Binta:
Ni musulma ce, amma ina karantawa ina dariya, don kamar da ni ake. Ku cire Kirsimeti ku sa ƙaramar Sallah, labarina ne tsaf, mu kuma sau biyu muke sha a shekara. Abin da na koma yi: kayan Sallah na marayun gidanmu ne kawai, su biyar, kuma kowa ya san dalili, ba mai jin haushi. Sauran yara barka da Sallah, sabbin 'yan ɗari biyu-biyu, kowa ya zo gaisuwa ya karɓa. Yaro dai ya ji takarda na ƙara a hannunsa.

Sai dai don Allah duk tsimin da za ku yi kada ya taɓa kwanon maƙwabta. Shekara goma sha shida maƙwabciyata a Tudun Wada na aiko mini da shinkafa da cincin, kazar ma maigidana take kira ya yanka mata don mu ci hankali kwance. Yarana tun Nuwamba suke tambaya saura kwana nawa.

Jummai_Barnawa:
Hajiya, kwanonki na nan daram. Mu ma muna jiran naman layya.

Kaka_Laraba:
Jikata ce ke rubuta mini, ni nake faɗa. 'Ya'yana, ina jin ku ina mamaki. Lokacin da muke yara, kafin ma a kawo naira a 1973, ba wanda ke ƙirga kyauta. Uba ya sayar da gyaɗa ya yanko wa 'ya'yansa yadi, shi ke nan. Shinkafa kuwa sai Kirsimeti muke ganinta, shi ya sa ranar take da daɗi. In an taso daga sujada mu bi gida-gida muna waƙa, a ba mu nama, a ba mu kwabo. Wanda ya dawo daga Kaduna ko Jos abin da zai riƙo burodi ne da sabulu da gishiri na tsofaffi. Wannan na kowane yaro da ledarsa, 'yan albashi ne suka kawo shi, kuma ba da mugun nufi ba. Maman_Rahila, ni dai a matsayin uwa, da a aiko mini da atamfa ta hannun direba gara in ga 'yata da idona ko hannunta biyu ne. Zumunta a ƙafa take. Na san waɗanda suka daina zuwa gida sam saboda kunyar zuwa ba kaya.

Dattijo_Ayuba:
Mama Laraba ta gama magana. Abin da zan ƙara, mu tuna masanan nan uku da suka zo daga gabas, Yesu suka kawo wa zinariya da lubban da mur, ba junansu suka ba ba. A majami'armu zumuntar mata na tara hatsi da zannuwa tun lokacin godiyar kaka, a raba wa gwauraye da marayu kafin Kirsimeti. In iyali za su rage wani abu, kada su fara ragewa ta nan.

Malam_Yohanna:
Dattijo, a gafarce ni, kyautar ce iri uku, Matiyu bai faɗi adadin mutanen ba. Halin malamin makaranta ne, ba na iya wucewa.

Dattijo_Ayuba:
Na gode, Malam. Ko su nawa ne, ba su ci bashi ba dai.

Rifkatu_04:
Ku bar ni in yi magana a madadin yaran da ake ƙirgawa, don ni ma a cikin irin lissafin nan na girma. Kawuna ne ke yi mana kaya. Wata shekara, ina aji biyu a sakandare, ya zo ba komai, kuma ba wanda ya gaya mana tun da wuri. Mamata ba ta tanadi komai ba don ta dogara da shi. Ba rashin rigar ne ya fi ƙona mini rai ba, a'a, yadda manya suka yi ta kauce wa idonmu ranar, kamar mun yi laifi. Daga baya na gane aikinsa ne ya tsaya, a masaƙar Kakuri yake.

Don haka Mama, duk abin da kika yanke, ki faɗa yanzu, ba ran 23 ba. Iyayen su sami lokacin shiri. Mu kuma manyan yara a gaya mana gaskiya, muna ganewa fiye da yadda kuke zato. Kuma in za a tambaye ni yau, da riga gara a taimaka da kuɗin makarantar Janairu, don sati biyu bayan shinkafar nan ake koro mutum gida.

Matar_Ƙane:
Na ɓoye sunana don kada a gane ni a gida. Akwai abin da ba wanda ya taɓo: dangin miji da dangin mata. Duk shekara lissafin gidanmu na dangin maigida ne, su ashirin da wani abu, nawa iyayen sai abin da ya rage. Alhali albashina na cikin kuɗin. Sannan batun atamfar matan gida, don Allah in ba za a iya saya mana iri ɗaya ba a bari. Shekarar da aka ba uwargidan babban wa mai tsada, mu aka ba mu mai araha, har yau ba a gama maganar a bakin murhu ba.

Kawu_Dogara:
Kun ji ko? Ka kashe kuɗinka ka sayo wa kanka ƙorafi.

Salamatu_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu kiristoci kaɗan ne a nan, don haka dangin Nowel ɗinmu, wato Kirsimeti, 'yan majami'a ne gaba ɗaya. Kowane gida ya kawo jaka biyu ko uku na sefa, a dafa a wuri ɗaya, a saya wa yara alewa da biskit a raba musu bayan wasan kwaikwayon haihuwar Yesu. Ba mai cewa wane ne ya saya. Wataƙila da yake abin ba daga hannun mutum ɗaya yake fitowa ba, shi ya sa ba a yi wa kowa fushi.

Ɗan_Kagoro:
Har yanzu dai ina kan bakata, a yanka shekaru. Ko asusun Istifanus aka yi, sai an san su wa za a yi wa.

Maman_Rahila:
Na gode ƙwarai, jama'a, na karanta duka, wasu har sau biyu. Rifkatu, maganarki ce ta sa ban jira ba, daren jiya na kira ƙannena. Uku sun yarda nan take a buɗe asusu daga Janairu, ɗaya ma ya ce ya daɗe yana jin kunya bai san ta inda zai fara ba. Ɗaya ya ce zai yi shawara da matarsa. Autanmu ya karanta saƙon bai amsa ba. Na bana kuwa mun tsaya a kan anko, ni da mutum biyu za mu sayi yadin, iyaye su biya tela.

Da na gaya wa Mama, shiru ta yi, sannan ta ce 'ya'yan marigayi ƙanena su huɗu wa zai biya musu ɗinki, da takalma? Na ce ni. Ta ce to, sai ta tuna mini matar Luka ta sauka a watan jiya, tagwaye. Ashe 36 ne.

Iliya_Tela:
Barka da arziki! Tagwaye ba sa cin yadi, ragowar turmi ta ishe su. A turo awon sauran kafin 15 ga wata.

Matar_Ƙane:
Mama, ban ji kin ambaci matan ƙannenki ba. Su an fasa ne, ko suna cikin ankon?